Na sake rubuta modul ɗin hanyoyin fayil daga tushe, sunan wa ya kamata ya zauna a kansa?

kod_da_dare:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu gogewa ku sa min baki a wata magana. Akwai wata laburare ta buɗaɗɗen kod da nake cikin masu kula da ita, lasisin MIT ne a kanta. Modul ɗin da ke sarrafa hanyoyin fayil, wato haɗa sunan folda da na fayil, raba su, ciro wutsiyar suna irin .txt, gane ko hanya cikakkiya ce ko kuwa ta dogara da inda kake tsaye, duk wani bawan Allah ne ya rubuta shi tun farkon aikin kuma ya daɗe da daina leƙowa. Kod ɗin ya tsufa sosai, ko'ina ka duba "in Windows ne yi kaza, in ba shi ba yi kaza", in ka gyara nan sai can ya ɓalle. Sai na zauna na sake shi gaba ɗaya, na raba shi gida biyu, ɓangaren POSIX (wato tsarukan irin Unix da Linux) daban na Windows daban. Yanzu in ka buga git blame, umarnin Git (manhajar ajiye tarihin kod) mai nuna wanda ya taɓa kowane layi, babu layinsa ko ɗaya da ya rage, amma a saman fayil ɗin har yanzu sunansa ne da shekarar da ya rubuta. To ya zan yi? In cire in sa nawa, ko in ƙara nawa a ƙasan nasa, ko in bar shi yadda yake? Ba na son cin haƙƙin mutum, kuma ba na son sunansa ya zauna a kan kod ɗin da bai taɓa gani ba, gobe a samu matsala a je ana damunsa da saƙo.

Mai_Linux:
Wa alaikumus salam. Kar ka cire. Ƙara naka a ƙasa kawai, layi ɗaya ne, me zai rage ka da shi?

dan_koyo22:
Ni dai a ganina tunda babu layinsa ko ɗaya ai aikin ya zama naka malam. Wanda ya yi wahala shi ya kamata a gani. In ana so a sa shi a fayil ɗin godiya shikenan.

tsohon_injiniya:
@kod_da_dare kafin a je ga suna, bari in yi maka tambayoyi, amsarka ce za ta raba gardamar. Lokacin da kake rubuta sabon, tsohon yana buɗe a gabanka kana kallo? Sunayen fankshin ɗin da jerin abin da suke karɓa, ka canza ko ka bar su? Gwaje-gwajen da suke tabbatar da modul ɗin yana aiki, naka ne ko nasa? Bayanan da ke cikin takardun laburaren fa? Saboda git blame ba alƙali ba ne, abin da kawai yake faɗa maka shi ne wa ya taɓa layin nan a ƙarshe. Mutum zai iya bin fayil da na'urar gyara tsarin rubutu, ya canza tazara kawai, blame ya nuna shi ne mai komai. Shi ya sa ma aka ƙara --ignore-rev a Git 2.23 a 2019, don a riƙa tsallake irin waɗannan komit ɗin, wato canje-canjen da aka ajiye a Git.

kod_da_dare:
@tsohon_injiniya yallabai tsohon yana buɗe a gefe, dole ne ma, don ban so masu amfani da laburaren su wayi gari kod ɗinsu ya daina aiki. Sunayen fankshin na waje duk na bar su. Gwaje-gwajensa ma na riƙe su, na ƙara nawa a kai. Ciki ne na sauya kakaf.

tsohon_injiniya:
To ka ga ka amsa da kanka ƙanena. Gwaje-gwajen nan nasa ne kuma suna nan a ma'ajiyar, lasisin MIT kuwa a fili ya ce sanarwar haƙƙin mallaka da ta izini su kasance a cikin duk kwafi ko wani kaso mai yawa na manhajar. Ko da a ce fayil ɗin modul ɗin ya zama naka tsantsa, sunansa ba zai fita daga aikin ba. Kuma ni a wajena gwajin ya fi kod ɗin daraja a irin wannan modul. Rubuta fankshin mai haɗa hanya biyu ba wani abu ba ne, ɗalibi ma zai yi a zama ɗaya. Sanin inda zai karye shi ne aikin, kuma wannan sanin a cikin gwaje-gwajen yake kwance.

zarah_kod:
Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce wlh. Duk wanda bai taɓa rubuta kod ɗin hanyar fayil ba gani yake wasa ne, sa sanda (/) tsakanin kalma biyu kawai. Bari in lissafo kaɗan daga abin da na ci karo da su a wurin aiki. A Windows, C:\rahoto daban yake da C:rahoto, na biyun yana nufin rahoto a cikin duk foldar da kake tsaye a kan faifan C, ba cikakkiyar hanya ba ce duk da tana da harafin faifai. Akwai hanyoyin sabar masu farawa da sanda biyu, \\sabar\rabo, waɗanda ba ka isa ka hau sama da su da .. (alamar komawa foldar sama) ba. Akwai sunayen da aka haramta tun zamanin DOS, CON, PRN, AUX, NUL, COM1, LPT1, ka sa wa fayil ɗaya daga ciki ka ga ikon Allah. Windows tana share ɗigo da tazarar da ke ƙarshen suna ba tare da ta gaya maka ba. Ga iyakar haruffa 260 da akan sa \\?\ a gaba don a wuce ta, kuma da zarar ka sa shi dokokin sun canza, ba a karɓar sanda mai kallon gaba kuma ba a warware .. ɗin. A ɓangaren POSIX kuma ƙa'idar ta ce hanyar da ta fara da sanda biyu daidai, tsarin ne ke da ikon fassara ta yadda ya so, amma uku ko fiye ɗaya suke da guda, shi ya sa normpath na Python yake barin //a yadda yake. To in tsohon marubucin ya riga ya kama ko rabin waɗannan ya rubuta musu gwaji, malam kod_da_dare a kan kafaɗarsa ka tsaya ko da ba ka kwafi harafi ɗaya ba.

dan_koyo22:
@zarah_kod tirƙashi, ni ban ma san C:rahoto yana aiki ba. Amma me ya sa Windows ta zaɓi sanda mai kallon baya tun asali? Da sun bi Unix ai da duk an huta.

Gwanin_C:
@dan_koyo22 tarihi ne. DOS na farko ba shi da folda kwata-kwata, kuma an riga an ba / aikin nuna zaɓin umarni, irin dir /w. Da aka zo DOS 2.0 a 1983 aka kawo folda sai aka ɗauki \ don kar su yi karo. Tsohon Mac kuma da ɗigo biyu : yake rabawa. Amma ka sani yawancin kiran tsarin Windows suna karɓar / ɗin ma, shi ya sa modul mai hankali dole ya gane duka biyun a can, alhali a Linux \ harafi ne kamar kowane, yana iya zama cikin sunan fayil.

lauyan_gobe:
Ku bari in raba abu biyu da ake cakuɗawa a nan, don na ga ana ta haɗa su. Akwai haƙƙin mallaka, akwai kuma yabawa. Na farko doka ce, na biyu mutunci ne da al'adar masu aikin. Dokar haƙƙin mallaka tana kare yadda aka rubuta abu ne, ba ta kare dabarar da ke bayansa. Wato "a duba ko hanya ta fara da harafin faifai" dabara ce, kowa na iya yi. Amma in ka ɗauki kod ɗin mutum kana bi layi-layi kana sauya masa kaya, ana iya ɗaukar naka a matsayin aikin da ya samo asali daga nasa. Shi ya sa kamfanonin da suka kwaikwayi BIOS na IBM, wato kod ɗin da ke tayar da kwamfuta, a shekarun 1980, irin su Phoenix, suka raba ma'aikata gida biyu, wasu su karanta su rubuta bayanin abin da yake yi, wasu da ba su taɓa ganin kod ɗin ba su rubuta sabo daga bayanin. Kai kuwa da bakinka ka ce yana buɗe a gefe. Ban ce ka yi laifi ba, MIT ta ba ka izinin yin hakan ɗari bisa ɗari, sharaɗinta guda ne tak, ka bar sanarwar. Ka ga cirewa ce kaɗai hanyar da za ta iya jawo maka magana, bari kuwa ba ya jawo komai.

abu_git:
@lauyan_gobe to maganar sunayen fankshin fa? Na ji an ce kotu ta ce ba a mallakar su.

lauyan_gobe:
@abu_git ba haka aka yanke ba. In shari'ar Google da Oracle kake nufi, Kotun Ƙolin Amurka a 2021 cewa ta yi kwafin da Google ta yi na layukan da ke bayyana sunayen fankshin na Java, kusan 11,500, amfani ne da doka ta halatta. Ba ta yanke ko ana mallakar su ko ba a yi ba, ta tsallake wannan tambayar. Kuma hukuncin Amurka ne, ba duniya duka ba.

shiru_shiru:
Ni fa ina ganin kun mai da hankali kan tsohon kun manta da sabon. Mutumin nan ya ɓata dararensa ya gyara abin da kowa ke gudu, in aka bar sunan wancan a sama shi kaɗai mutane za su riƙa gani. Na taɓa yin irin wannan aikin a wata laburare, na sake musu ɓangare guda cur, mai kula da ita ya matse komit ɗina duka ya mai da su ɗaya ya shigar da sunansa, ko a bayanin sabon fitarwa bai ambace ni ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, kuma tun daga nan ban sake tura musu ko waƙafi ba. Ba kuɗi ake biyan mu ba, sunan nan shi ne ladan, shi kake nunawa in kana neman aiki. Don haka kod_da_dare kar kunya ta sa ka ƙi sa naka.

Hajiya_Python:
@shiru_shiru Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa, abin da aka yi maka bai kyautu ba ko kaɗan, kuma ba shi da uzuri don Git ta raba marubuci da mai shigarwa tun asali, kowane komit yana da gurbi biyu. Ko matsewa za a yi akwai --author, akwai kuma layin Co-authored-by da GitHub take ganewa tun 2018. Amma lura, zafin da ka ji shi ne dai wancan dattijon zai ji ranar da ya leƙo ya ga an goge shi. Ba a gyara naka da ɓata nasa.

Ga misali daga Python tunda nan na fi sani. pathlib ta shigo a Python 3.4 a 2014, laburare ce ta hanyoyin fayil, Antoine Pitrou ne ya rubuta ta da PEP 428 (PEP takardar shawarar canji ce a Python). Amma kafin ita akwai path.py ta Jason Orendorff da mutane suka daɗe suna amfani da ita, akwai kuma PEP 355 da ta nemi a shigar da irin wannan aka ƙi. Pitrou bai yi kamar shi ya fara tunanin ba, a cikin PEP ɗin an ambaci yunƙurin da suka gabata da dalilin da ya sa aka bi wata hanya daban, musamman ƙin gina ta a kan str, nau'in rubutu na Python. Kuma os.path, tsohon modul ɗin hanyoyi na Python, ba a goge ta ba, tana nan har gobe. Sai a 3.6 da PEP 519 ta kawo __fspath__ sannan su biyun suka fara jituwa sosai. Abin da nake so in ce, ambaton na baya bai rage wa Pitrou komai ba, kowa ya san pathlib tasa ce.

Gwanin_C:
Haka ma a C++. std::filesystem da ta shigo a C++17 daga Boost.Filesystem ta fito, aikin Beman Dawes, kuma shi kansa sai da ya sake fasalinta har zuwa fitarwa ta 3 kafin ta kai ga ƙa'ida. Duk mai rubuta C++ da ya san tarihi ya san sunan nan duk da kod ɗin da ke cikin GCC ko MSVC wasu ne suka rubuta nasu.

Sarkin_Gwaji:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Malam kod_da_dare, ni abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, halayyar sabon kod ɗin ce. Me join ɗinka, fankshin mai haɗa hanya biyu, yake yi in na ba shi "a" da "/b"? A Python amsar /b ce, yana watsar da na farkon, a Go da Node kuwa a/b za ka samu. In tsohon yana yin ɗaya naka yana yin ɗaya, ka karya wa mutane kod shiru ba tare da wani saƙon kuskure ba. Na biyu, a/../b kana mai da shi b kai tsaye? Don in "a" ɗin mahaɗi ne mai nuni zuwa wata folda, a/.. ba nan inda kake ba ne, uwar waccan foldar ce. Shi ya sa pathlib ta ƙi share .. sai ka kira resolve ta je ta tambayi faifai. Na uku .bashrc, wutsiya ce ko suna? Sannan kaya.tar.gz fa?

kod_da_dare:
@Sarkin_Gwaji join irin na Python yake yi, haka tsohon yake kuma na bar shi. .bashrc suna ne ba wutsiya ba, shi ma akwai gwajinsa tun da. Maganar .. ce na canza da gangan, tsohon yana sharewa ido rufe, ni na raba fankshin biyu, mai aiki da rubutu kawai da mai tambayar faifai. Akwai ma wani sharhi da ya bari a wajen, ya rubuta cewa ya san wannan ba daidai ba ne in akwai mahaɗi, a gyara wata rana. Daga nan na samu tunanin.

zarah_kod:
To ka ji. Shi ya gano ciwon ya rubuta, kai ka yi maganin. Ni da ni ce, wannan sharhin ma sai na ambace shi a saƙon komit.

Sarkin_Gwaji:
Madalla, amma tunda halayya ta canza ka ɗaga babbar lambar fitarwa ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayanin canje-canje. Kuma ka duba masu amfani da modul ɗin wajen buɗe zip ko tar. Matsalar da aka sa wa suna Zip Slip a 2018 ai daga nan take, fayil a cikin zip mai suna ../../wani-abu, a haɗa shi da foldar da ake zubawa ba a duba ba, ya fita ya je ya taka abin da ba a so. tarfile na Python ya zauna da irin wannan tun rahoton 2007, sai a 3.12 aka kawo matatar da ke tare shi. Duk wanda ya taɓa yadda ake warware .. ya taɓa tsaro, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai_Linux:
Wannan ma wani dalili ne na a ga sunanka a wajen. In aka samu rami a sabon kod, kai za a nema ba shi ba.

baƙo_mai_kallo:
Ni ra'ayina daban ne da na kowa, a cire sunaye daga saman fayil gaba ɗaya, nasa da naka. Suna a saman fayil yana sa mutum ya ji nan gonarsa ce, sabon zuwa kuma ya ji tsoron taɓawa. Sannan wa zai yanke yawan layin da mutum zai rubuta kafin ya cancanci shiga? Wanda ya gyara harafi ɗaya da ya hana manhaja faɗuwa fa? Gidauniyar Apache tun 2004 ta shawarci ayyukanta su daina sa alamar marubuci a cikin kod saboda irin wannan. Go kuma "The Go Authors" kawai suke rubutawa a saman kowane fayil. A sa layin SPDX mai faɗin lasisi, a mai da sunaye fayil ɗin LICENSE da AUTHORS, tarihi kuma Git ta riƙe. Magana ta ƙare.

lauyan_gobe:
@baƙo_mai_kallo tsarin yana da kyau ga aikin da aka fara da shi a haka. Amma ɗauke sanarwar haƙƙin mallakar wani daga inda ya ajiye ta, ko da zuwa wani fayil ne a cikin aikin, ni ba zan yi ba sai na tambaye shi. Alamar marubuci daban, layin haƙƙin mallaka daban. Kuma in lasisin Apache 2.0 ne ma a rubuce yake cewa ka riƙe sanarwar da ke cikin kod ɗin, ka kuma nuna a fili cewa ka canza fayil.

abu_git:
Kuma "Git ta riƙe tarihi" ɗin nan kar a dogara da shi sosai. Mutane nawa ne suke samun laburare ta hanyar ma'ajiyar Git? Yawanci dunƙulen fitarwa suke saukewa, ko su kwafe fayil ɗaya su jefa cikin aikinsu, tarihi bai bi su ba, abin da ke saman fayil ne kaɗai ke tafiya da shi. Ko a cikin Git ɗin ma in ka raba fayil gida biyu kamar yadda malam ya yi, git log ba zai bi sawu ba sai ka sa --follow, shi ma fayil ɗaya yake bi kuma hasashe yake yi da kamannin abin da ke ciki, tunda Git ba ta ajiye cewa an canza suna. Shawarata @kod_da_dare, ka yi git mv a komit nasa shi kaɗai, sannan sake rubutun a komit na gaba. Sannan ka gwada git blame -C -C -C, wani lokaci za ka sha mamakin layukan da kake zaton naka ne ashe daga wani fayil suka taso.

baƙo_mai_kallo:
@abu_git na yarda da maganar masu kwafe fayil ɗaya. Amma ku tuna inda yawan sanarwa yake kaiwa. Tsohon lasisin BSD yana da sharaɗin a ambaci masu shi a duk tallan da aka yi, kowa ya zo ya sa sunansa, har Richard Stallman ya ƙirga irin wannan ambato 75 a NetBSD na 1997. Jami'ar Berkeley, mai lasisin, da kanta ta janye sharaɗin a 1999. Yabawa in ta zama tilas a ko'ina nauyi take zama.

tsohon_injiniya:
Gaskiya ne, amma a tarihin BSD ɗin akwai ɗaya gefen. Lokacin da USL, kamfanin da ke riƙe da Unix a lokacin, ta kai kamfanin BSDi da Berkeley kotu a 1992 kan kod ɗin Unix, jami'ar ta mayar da martani da ƙarar cewa an ɗauki kod ɗin BSD an sa a System V, Unix ɗin USL, ba a ambace su ba yadda lasisi ya ce. A 1994 aka sasanta. Ka ga rashin barin suna ya zama makami a hannun ɗaya ɓangaren. Mu nan kuma maganar suna biyu muke a kan fayil biyu, ba 75 ba.

Kuma akwai amfanin da ba a faɗa ba tukuna. Ranar da kuka so canza lasisi, jerin sunayen nan shi ne zai nuna muku ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa. VLC da suka mai da injinsu ƙarƙashin lasisin LGPL sai da suka bi marubuta ɗaya bayan ɗaya, OpenSSL ma shekaru suka yi suna neman mutane kafin 3.0 ta fito da Apache 2.0 a 2021, wanda ba a samu ba kuma sai dai a cire kod ɗinsa ko a sake rubutawa. In ka goge suna yau, na bayanka ne zai sha wahalar tono shi.

dan_koyo22:
To ni yanzu tambayata, har yaushe? In bayan shekara goma wani ya sake rubuta na kod_da_dare, sai a sa suna uku? Na huɗu ma haka? Wani ya haƙa rijiya, wani ya zo ya ɗaure ta da siminti, wani ya sa mata famfo, har abada sunan mai haƙa za a riƙa kira?

Hajiya_Python:
@dan_koyo22 in dai ruwan daga ramin da ya haƙa yake fitowa, eh mana ƙanena. Kernel ɗin Linux ma fayil biyu gare shi saboda wannan, MAINTAINERS na wanda za ka tura wa matsala yau, CREDITS na waɗanda suka yi aiki a baya. In mutum ya ajiye kula da wani ɓangare akan mai da sunansa CREDITS, ba a shafe shi. Wannan ya warware damuwar malam ta farko, kar a je ana damun dattijon da saƙo. A rubuta a sama: asalin rubutu wane, shekara kaza, an sake rubutawa wane, shekara kaza, matsala a kai wa masu kula na yanzu.

shiru_shiru:
Wannan tsarin na yarda da shi, muddin "an sake rubutawa" ɗin ya fito a fili, ba a sa shi a jerin masu gyaran waƙafi ba.

ummu_bayt:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ce a tambayi mutumin in ban da lauyan_gobe da ya taɓo a gefe. Yana raye dai ko? Tura masa saƙo mana. Ka ce ga abin da na yi, ga yadda nake so in rubuta, ya ka gani. Na taɓa karɓar wani ƙaramin aiki daga hannun wata baiwar Allah da ta koma wani fanni, da na rubuta mata ita da kanta ta ce in cire sunanta daga fayilolin da na sake don ba ta son a riƙa ɗora mata abin da ba ta duba ba, a bar ta a AUTHORS kawai. Wani kuma zai ce a bar shi. Ba za ka sani ba sai ka tambaya, kuma ko ba komai zai ji daɗin an tuna da shi, yaba kyauta tukuici.

Sannan dan Allah tunda kana ciki, ka gwada sunayen fayil masu ƙ da ɗ da ɓ. Na sha ganin laburaren da ke aiki lafiya lau har sai an ba ta fayil mai suna ƙididdiga sannan ta mai da shi alamar tambaya a Windows saboda tana kiran tsofaffin fankshin masu shafin haruffa maimakon na UTF-16. A Linux kuma sunan fayil jerin bayt ne kawai, komai ya halatta ban da / da bayt ɗin sifili, ba dole ne ma ya zama UTF-8 ba, shi ya sa Rust ta yi OsStr daban da str.

Gwanin_C:
@ummu_bayt ƙara da tsohon tsarin HFS+ na Mac da ke warware harafi mai alama a kai, à ya koma a da alamarsa daban, ka ajiye suna ka karanto shi bayt ɗin sun bambanta. Kar modul ɗin ya kwatanta hanya biyu da == ya ce ya gama.

kod_da_dare:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na tura masa saƙo ta adireshin da ke cikin tsofaffin komit ɗinsa, ya dawo min, akwatin ba ya aiki. Na ga yana da wani asusu da bai daɗe da motsi ba, na bar masa magana a can. Kafin ya amsa layinsa yana nan inda yake a fayil biyun, na ƙara nawa a ƙasa, na rubuta a bayanin canje-canje cewa tsarin waje da yawancin gwaje-gwajen nasa ne. Na bi shawarar abu_git na raba komit ɗin. Sauran abokin kulawata ne, shi yana tare da baƙo_mai_kallo, yana so a kwashe duka sunaye a koma AUTHORS, mun bar maganar a buɗe.

baƙo_mai_kallo:
Abokin naka yana da hujja. Amma fayil ɗin Windows ɗin fa, ba ka ce kusan duk sabo ba ne? Me sunan wancan yake yi a kansa? Na POSIX na gane, wannan kam ban gane ba.

zarah_kod:
@baƙo_mai_kallo ai daga cikin fayil ɗinsa aka tsage shi, duk waɗancan "in Windows ne" ɗin da aka ce ya cika su ne suka koma can. Wa ya fara gano C:rahoto a aikin?

lauyan_gobe:
Kuma ko ya amsa ya ce a cire, a ajiye amsar tasa a rubuce a inda kowa zai gani, kar ta tsaya a akwatin mutum ɗaya.

abu_git:
Tunda adireshinsa ya mutu, in ya ba ka sabo ka sa a .mailmap, fayil ɗin da ke haɗa tsoho da sabon adireshin mutum, don git shortlog mai jera komit ɗin kowa ya haɗa nasa wuri ɗaya. Amma ka tambaye shi tukuna, wasu ba sa son sabon adireshinsu ya fito fili.

Sarkin_Gwaji:
@kod_da_dare har yanzu ba ka ba ni amsar kaya.tar.gz ba fa. Kuma me fankshin ɗin raba wutsiya yake yi da suna mai ƙarewa da ɗigo, irin "rahoto."? Turo min reshen in gwada a Windows da daren nan.